Ginshiƙi Biyar Saboda Dagatai Biyar

Akwai wani zane da masu ƙididdiga ke yi, na ginshiƙai a jere manne da juna, wani dogo wani gajere. A makaranta histogiram muke ce masa. Na karanta shi, na ci jarrabawa a kansa, har na ci abinci da shi na 'yan shekaru. Amma yau ko a bangon asibiti na hango shi, sai in tsaya in ƙirga ginshiƙan. In na tarar biyar ne, ranar babu mai jin daɗin hira da ni. Matata ta san haka, takan ce, "To, yau kuma an taɓo maka biyar ɗinka." Ba na yi mata musu, don kuwa an taɓo.

Yin zanen ba wuya. Ka auna abu mai yawa, a ce tsawon rake ko nauyin buhuna, sai ka raba awon rukuni-rukuni: daga kaza zuwa kaza rukuni ɗaya, daga nan zuwa kaza wani rukunin. Kowane rukuni ka tsayar masa da ginshiƙi, tsawonsa gwargwadon yawan abin da ya faɗa cikinsa. Wuyar aikin guda ce tak, kuma ita ce malamai ke wucewa da sauri kamar ba komai ba: rukuni nawa za ka yi? Lissafi yana ba da shawara, amma mutum ne ke zaɓa. A kan wannan zaɓin mahaifiyata ta bar gidanta.

Gidanmu yana wani ɗan ƙauye a kan tudu, can bayan Falgore a ƙasar Rogo. Ƙasar marmara ce, gyaɗa da dawa suna son ta, amma ruwa nisa gare shi. Rijiyar tsakar gidanmu Baba ne ya sa aka haƙa tun ba a haife ni ba. Da damina ta cika ta yi kyau, da kaka ta fara ja da baya, in bazara ta kai tsakiya kuwa sai ka saki guga ka tsaya kana sauraro kafin ka ji ya taɓa. Inna ba ta sayen sabuwar igiya don ruwa ya yi ƙasa, ƙari take yi. Ta samo guntun igiyar rama ta ɗaura, in bai kai ba ta murɗe tsohon ɗankwali ta ƙara, in ruwan ya ƙara gudu ta kwance ragowar igiyar akuya. Ƙarshen bazara kuma ko an ƙara me, laka guga ke kawowa, sai a nufi rafi da jarka.

Bayan rasuwar Baba ita kaɗai ta rage a gidan, ita da awakinta. 'Yan'uwana mata duk sun yi aure, ni aiki ya kai ni Karaye, Yaya kuwa, ɗan farinta, dama can yake da shagonsa da iyalinsa. Wata bazara ya je gaishe ta ya same ta a kan hanyar rafi, ta ajiye jarka tana haki a gindin wata kanya. Ya ɗauko jarkar ya kai gida, sai da muka haɗu ya sauke mini abin da ke ransa.

"Wannan ce ta ƙarshe," ya ce. "In bazara mai zuwa ta zo babu ruwa a unguwar nan, wallahi zan ɗauke ta. Ba zan zauna mutane su riƙa nuna ni da baki ba."

Inna ba ta mayar wa Yaya magana, ko sunansa ba ta faɗa, kunyar ɗan fari. Ni da nake auta ni ake aika da duk abin da ya yi zafi. "Auta," ta ce, "ka gaya wa wancan, ni ba kaza ba ce da za a ɗauka da akurki. A ɗakin nan aka kawo ni, a nan za a fitar da ni." Na gaya masa. Ya ce ya ji, amma maganarsa tana nan.

A lokacin ina aiki da wata ƙungiya mai samar da ruwan sha, muna da ɗan ofis ɗaki biyu a Karaye. Aka samo aikin haƙa rijiyoyin siminti a ƙasar dagatai biyar, wasu ta wajen Kwanyawa da Yammedi, wasu ta wajenmu. Da na ga unguwarmu tana cikin inda za a haƙa, har wurin da aka nuna bai fi jifa ba daga ƙofar gidanmu, sai na ce shi ke nan, Allah ya kawo ƙarshen rigimar Inna da Yaya. Tsarin aikin shi ne a tsayar da zurfi guda a ba 'yan kwangila, kowace rijiya zobban siminti kaza. Sai dai in an nuna cewa akwai wani yanki da ruwansa ya bambanta da na sauran, to shi sai a ware shi a nemo masa injin haƙa. Ni aka ba aikin gano nisan ruwa.

Ta yaya namiji baligi zai auna rijiyoyin da ke tsakar gidajen mutane? Ba a shiga. Don haka igiyoyin guga na riƙa aunawa. In yi sallama a zaure, a gaisa, a tambayi gida da aiki da zafi da mutanen Karaye, a kawo ruwa in sha, sannan in faɗi abin da ya kawo ni. Maigida ya shiga ya ce wa matan su ɗaura tsumma daidai inda hannu ke riƙewa in guga ya taɓa ruwa, ya fito mini da igiyar, mu miƙe ta a ƙofar gida in bi ta da tef. A takarda mita nake rubutawa, amma a nan da awon gaba zan faɗa, wato buɗin hannu biyu, don shi kowa ya sani. Na yi ta yawo a babur cikin tsakiyar bazara har wuyana ya sale. A ƙauyukan fadama igiyoyin gajeru ne, na leda, fes da su, wata ma gaba huɗu ko biyar. Da na hau tudu sai igiya ta koma kaya guda, ƙulli a kan ƙulli, maigida ya fito da ita a kafaɗa yana ba ni haƙurin dattinta.

Gidanmu ne kawai na shiga kai tsaye. Inna ta jawo igiyarta muka miƙe ta daga bakin rijiya, ta ratsa tsakar gida, ta wuce turken awaki, ta shige zaure. Ita ta riƙe mini bakin tef ɗin. A nan na ga tafin hannunta da kyau, duk kanta, wurin da igiya ke bi ya yi baƙi ya tsage.

"Me za a yi da awon?" ta tambaye ni.

"Za a kai wa masu haƙa, Inna, su san inda ruwa yake."

"To ka ce su ɗan ƙara. Bara ma ruwan ya fi haka gudu."

Na samu gaba ashirin da biyu. Na rubuta, na ci tuwon da ta ajiye mini, na hau babur ina jin kaina wani babban mutum.

Da na koma ofis na zuba awon a kwamfuta. Rijiyoyin sun ɗan haura ɗari, mafi kusa gaba huɗu, mafi nisa ashirin da huɗu. Akwai ƙa'idar da aka koya mana ta fara lalube: ka nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka yawan abin da ka auna, sai ka yi rukunai kusan haka. Ta ba ni goma. Na yi rukuni goma, kowanne faɗin gaba biyu. Zanen na fitowa na miƙe tsaye. Ginshiƙan suka tashi suka yi tozo a wajen gaba takwas zuwa sha biyu, suka sauko, sai ga fili fayau tsakanin sha huɗu da sha shida, babu rijiya ko ɗaya. Bayan filin kuma wani ƙaramin tozon ya sake tashi, daga sha shida har ƙarshe. Na bi rijiyoyin da ke cikin tozo na biyun ɗaya bayan ɗaya, duk na kan tudunmu ne, har da ta Inna. Abin da ake nema ke nan, yanki mai ruwa daban, ga shi ya ware kansa ko makaho ya shafa zai ji.

Shugaban ofishinmu, wanda muke kira Kodineta, mutum ne mai sanyin murya, ɗan gidan sarauta, ya san yadda ake zama da manya. Ban taɓa ganin ya ci kwabon aikin nan ba, kuma da ya ci da abin ya fi mini sauƙi, don da na san sunan da zan kira shi. Na kai masa zanen ina murmushi. Ya gyara tabarau ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa a kan filin nan.

"Malam, wannan giɓin fa?"

"Yallaɓai, ai giɓin shi ne maganar gaba ɗaya. Na hagu fadama ce, na dama tudu."

"Na gane. Amma ka san a gaban wa za a kafa zanen nan ranar Asabar? Dagatai biyar. Wa zan ce masa shi ne giɓin?"

Na ɗauka wasa yake, har na yi dariya. Bai yi ba. Ya ba ni labarin wani taro da ya taɓa yi a wani wuri, inda aka kafa irin wannan zane, wani dagaci ya ƙirga ginshiƙai ya ƙirga kujeru ya ga bai dace ba, ya ɗauka an share garinsa, ya naɗe rigarsa ya fice, aiki ya tsaya a ƙasarsa sai da aka yi ta zarya ana ba da baki. "Mutanen nan," ya ce, "in suka ga ginshiƙai a tsaye, kansu suke gani. Ka yi biyar, kowa ya samu nasa, a tashi lafiya."

"Yallaɓai, ginshiƙin nan ba gari ba ne, zurfi ne. Sai a yi musu bayani."

"Za a yi. Ka yi biyar dai mu gani."

Na yi biyar a gabansa, kowanne faɗin gaba huɗu. Filin nan da babu kowa ya haɗe da maƙwabcinsa na hagu, suka zama ginshiƙi guda mai matsakaicin tsawo, giɓi ya ɓace ɓat. Tozonmu na tudu ya rabe gida biyu ya zama 'yan gajerun ginshiƙai biyu a ƙarshe. Zanen ya koma tozo ɗaya mai gangarowa sannu a hankali kamar matakalar bene. Ba a taɓa awon kowa ba, igiyar Inna tana nan da gabanta ashirin da biyu, amma duk wanda ya kalli wannan zanen cewa zai yi ƙasa ɗaya ce da ruwa ɗaya, sai 'yan tsirarun rijiyoyi da suka yi nisa.

"Ka ga yadda ya yi kyau?" in ji Kodineta.

Na ce ban ga kyau ba, na ga an binne unguwanni. Muryata ta fara tashi, na sani, don mai shara da ke waje ya leƙo. Shi kuwa ko gezau. Ya jawo kwamfutar gabansa ya ce in nuna masa inda ake sauya lambar, ya buga talatin. Zanen ya watse, ginshiƙai sirara birjik, nan dogo nan babu, kamar bakin tsohon da haƙora suka zube.

"To ga giɓi nan har ba ya ƙirguwa," ya ce. "Kowanne sai mu nemo masa inji? Ka ga ashe giɓi abin yi ne da hannu. Ka yi naka da goma, na yi nawa da talatin."

Wannan ita ce maganar da ta fi ƙona mini rai, don rabinta gaskiya ce. Rukunai in sun yi yawa su ma ƙarya suke yi, su nuna maka rami inda tsautsayi ne kawai ya sa ba a samu kowa ba. Amma ai akwai yadda ake bambancewa, kuma ya sani. Na karɓi kwamfutar na buga takwas, giɓin yana nan. Na buga sha biyu, yana nan a wurinsa. Na ce, "Yallaɓai, giɓin ƙarya in ka sauya lamba sai ya yi ƙaura. Wannan bai motsa ba. Sai an matse zanen ya koma biyar sannan yake ɓuya, kuma biyar ɗin ba daga rijiya muka samo ta ba, daga kujeru ne."

Ya cire tabarau ya goge. "Gidanku a tudun yake, ko?"

"A can yake."

"To ka ga. In na kai goma, gobe a ce ma'aikacinmu ya zana wa garinsu inji. Malam, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ka buga mai biyar a babban kwali. Naka kuma mu sa shi a bayan rahoto, injiniya zai gani."

Na buga mai biyar, don shi ne shugaba. Mai goman na ninke na sa a aljihun gaba.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a wani ajin firamare. Dagatai biyar a kujerun gaba da rawunansu, masu unguwanni a baya a kan benci, injiniyan da zai yanke zurfi ya iso daga birni da safen nan, kuma tun daga ƙofa ya faɗa cewa yana so ya juya kafin azahar. Gaisuwa kaɗai ta cinye abin da ta cinye. Aka kafa kwalin a jikin allo. Ba zan yi wa Kodineta ƙazafi ba, ya ce, "Waɗannan zurfin rijiyoyi ne, ba garuruwa ba." Sau ɗaya ya faɗa, a hankali, daidai lokacin da ake raba lemo ana ɓalle marafai.

Dagacinmu shi ne mafi tsufa a cikinsu, ƙasarsa kuma ta fi yawan jama'a. Ya ɗaga sandarsa ya nuna ginshiƙi na biyu, wanda ya fi kowanne tsawo. "Wancan dogon ai namu ne," ya ce. Aka yi dariya, aka ce Allah ya ja zamani. Nan take sauran suka rabe ragowar gwargwadon girman garuruwansu. Ƙaramin cikinsu, wanda ƙauyensa ke tsakiyar fadama, inda in ka tona da hannu ma sai ka ga damshi, ya ɗauki na biyar ɗin, ɗan guntun, yana cewa su dama 'yan kaɗan ne, Allah ya sa albarka. Na dubi Kodineta in ga ko zai gyara. Yana murmushi yana gyaɗa kai.

Injiniya ya tashi ya tsaya gaban kwalin, ya ciro biro ya ja layi a bayan ginshiƙi na uku. "Gaba sha shida ya ɗauke mafi yawa," ya ce. "Wannan jelar da ta rage 'yan tsiraru ne a warwatse, ko'ina akan samu irinsu."

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ranka ya daɗe, ba a warwatse suke ba. Duk a kan tudu ɗaya suke, unguwanni ne sukutum."

Ya juyo ya dube ni, ya sake duban kwalin. Mutum ne mai sauraro, ban ga girman kai a tare da shi ba. "Ban ga alamar haka a nan ba," ya ce. "Da yanki ne daban, ai da ya ware, da an ga fili a tsakani."

Wallahi da bakinsa ya faɗi haka. Na zura hannu aljihu na ciro takardata ina warwarewa, ina cewa ga filin, ga shi nan, tudun ƙasar ranka ya daɗe ne, na nuna dagacinmu. Abin da ya ɓata komai ke nan. Tsohon ya juyo gaba ɗaya da kujerarsa.

"Kai, ba ɗan gidan marigayi ba ne na bakin kuka?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To zauna. Mu da aka ba mu wanda ya fi na kowa tsawo, kai ɗan gari ne za ka tashi a gaban baƙi ka ce mu ne jela? Haka aka koya maka a bokon?"

Masu unguwanni suka hau cewa a yi haƙuri, yaro ne. Wani ya ja mini riga ta baya. Kodineta ya tako a natse ya zare takardar daga hannuna, ya ninke ta yadda take, ya ce, "Za mu duba a ofis, in sha Allahu." Injiniya ya dubi agogo. Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, aka fita ɗaukar hoto a gaban kwalin, kowane dagaci kusa da ginshiƙinsa.

Ban haƙura nan da nan ba. Na bi dagacinmu har zaurensa bayan kwana biyu, na tsuguna na yi masa bayani da tsinke a ƙasa. Ya saurare ni, ina jin ma ya gane, amma ya ce magana ta riga ta wuce a gaban manya, shi ba zai koma ya ce a rage masa tsawo ba. Na kira injiniya a waya, ya ce ai an riga an sa hannu da 'yan kwangila, in an samu wani zagayen aikin za a duba. Rahoton da aka ce zai ga zanena a bayansa kuwa, na tabbata ko buɗe shi bai yi ba. Rijiya ta bayar guga ya hana, kuma gugan nan mu ne, mu 'yan ofis.

Aka zo haƙa da kaka, bayan an kawar da amfanin gona. A lokacin ruwa bai gama gudu ba, don haka tun kafin su kai sha shida suka same shi, suka yi ta kwarfa suna sauka har zobban da aka ba su suka ƙare. Aka ɗaure baki da siminti, aka sa murfi, aka yi bikin buɗewa. Kodineta ya sha a moɗa ana ɗaukar sa hoto. Ni ina gefe kamar wanda aka yi wa mutuwa, mutane na zuwa suna yi mini barka.

Inna ta fi kowa murna. Yaya ya aiko mata da sabuwar igiyar leda shuɗiya, ta naɗe tsohuwar ta rataye a ɗaki. Duk matar da ta shigo sai ta ce mata, "Auta ne ya auna." Na so in gaya mata kada ta saki jiki, amma na fasa. Na riƙa cewa a raina wataƙila bana ruwan ba zai gudu sosai ba, wataƙila ni ne na cika baƙin rai.

Ruwa bai san da taron dagatai ba. Sanyi na wucewa ya fara sauka yadda ya saba, kafin bazara ta kai tsakiya guga ya fara kawo rabi, sannan ya koma kawo yashi. Ranar da na je na leƙa, ƙasan rijiyar a bushe yake ƙaf, ana hango wani takalmin roba da ya faɗa. A kan hanyar rafi ni ma na samu Inna da jarka, a gindin kanyar nan dai.

Yaya bai yi dogon zance ba, ya zo da motar a-kori-kura ranar wata Lahadi. Aka raba awaki a maƙwabta, aka fito da gado da kwalla da tukwane, aka sa wa ɗakin kwaɗo. Matan unguwa suka cika tsakar gida suna share hawaye, ita kuwa ba ta yi kuka ba. Har an tada mota ta ce a dakata, ta karɓi makulli ta koma ciki, ta fito da tsohuwar igiyar a naɗe a hannu.

"Inna, me za ki yi da wannan?" in ji Yaya. "Can fa famfo ne."

Ba ta dube shi ba. Ta ɗora ta a cinya, aka ja mota.

Na bar aikin a shekarar. Mutane suna cewa zuciya ce ta ɗebe ni, kuma ba su yi ƙarya ba. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne babu wanda zan kama in ce ya yi ƙarya ko ya yi sata. Kodineta ya so a tashi taro lafiya, an kuwa tashi lafiya. Injiniya ya karanta abin da aka kafa masa daidai. Dagaci ya kare mutuncin garinsa. Kowa ya yi ladabi, kowa ya gaida kowa, aka bar tudu guda da ramukan siminti. Na sha kwantawa ina sake zana abin nan a kaina, takwas, goma, sha biyu, giɓin yana nan inda na bar shi.

Yanzu Inna tana wani ɗaki a gidan Yaya a Karaye, tagarsa na kallon titi, ga ƙarar babura ga injin niƙa. Matar Yaya tana kula da ita, ba abin da ta rasa, famfo yana bakin ƙofarta. Ta rame duk da haka, kuma ta rage magana. Igiyar tana rataye a ƙusa a saman gadonta, da ɗankwalin da ragowar igiyar akuyar da komai.

Kwanakin baya na je gaishe ta, muka gaisa. Sai ta ɗaga kai ta dubi ƙusar.

"Auta, ranar nan da ka auna, gaba nawa ka samu?"

"Ashirin da biyu, Inna."

"Su kuma nawa suka haƙa?"

"Sha shida."

Ta ƙirga a yatsunta a hankali, ta dube ni. "Ba ka gaya musu ba ne?"

"Na gaya musu."

"A takarda?"

"A takarda."

Na rasa ta inda zan fara yi mata bayanin cewa igiyarta tana cikin zanen, ba a cire ta ba, tana cikin ɗan guntun ginshiƙi na biyar wanda dagacin fadama ya ɗauka ya ce nasa ne. Ta daɗe tana murza tafin hannunta, inda kantar ta fara laushi.

"Ai da ka bar takardar," ta ce, "ka ɗauki igiyar ka kai musu."